Louis Boutan, malamin da ya fara nutso da kyamara cikin teku

Duk wanda ya taɓa leƙa tabkunan Dallol Mawri da damina, daga Dogondutsi zuwa Tibiri, ya san ido ba ya ganin nesa cikin ruwa. Laka tana watsa haske, ruwan kansa kuma yana shanye shi. Ko a teku mai garau, launin ja ne ke fara ɓacewa tun a 'yan mitoci kaɗan. Da wannan matsala Louis Boutan ya yi ta fama.

An haife shi a Versailles ta ƙasar Faransa a 1859. Ya karanci ilimin halittu, ya kama aiki a cibiyar binciken teku ta Arago da ke Banyuls-sur-Mer, a bakin tekun Bahar Rum. Can ya koyi nutso da hular ƙarfe. Abin da ya dame shi shi ne in ya fito, sai dai ya ba da labari da baki, ba shi da shaidar da zai nuna wa abokan aikinsa.

A 1893, ɗan'uwansa Auguste ya tsara masa akwatin da ruwa ba ya shiga, aka sa kyamara ciki. Hotunan farko sun fito dishi-dishi, kuma wani hoton sai da ya yi kusan minti 30 a ƙasan ruwa kafin ya kamu. Boutan bai karaya ba. Ya gwada shuɗin gilashi a gaban kyamara, ya kuma sa aka ƙera fitila mai ƙona garin maganeziyom don ta haska wurin. A 1899 ya ɗauki hoto da fitilun lantarki a zurfin mita 50, ya wallafa littafi a kan aikin a 1900.

Daga baya ya yi aiki a Hanoi da Bordeaux da Aljeriya, inda ya rasu a garin Tigzirt a 1934.

Yau kwamfuta ce ke maido da jan launin da ruwa ya shanye, ta rage dushewar hoto. Masu duba madatsun ruwa da masu neman jiragen da suka nutse suna dogara da irin waɗannan hotuna, kuma matsalolin da suke gyarawa su ne waɗanda Boutan ya ci karo da su tun 1893.