Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko

A wannan wata za mu ba da labarin wani mutum wanda ba na Ekklesiya ba ne. Musulmi ne, cikin addininsa ya rayu, cikinsa kuma ya rasu. Watakila waɗansu masu karatu za su yi mamakin ganin sunansa a nan. Amma wanda ya san tarihin masu bi a ƙasar Katsina ya san ba ya cika sai an ambaci Sarki Dikko. Ban da wannan kuma, akwai abin da mu ke so iyaye da malaman makarantar Lahadi su duba cikin ayyukansa, watau yadda a ke koya wa yaro zama da mutane.

An haifi Muhammadu Dikko a shekarar 1865. Ubansa shi ne Durɓin Katsina Gidado, Basulluɓe. A zamanin nan ɗan sarauta yana da makaranta biyu: ta allo, da ta fada. A fada ne ya kan koyi tuɓe takalmi tun daga nesa, da faɗuwa gaisuwa, da wurin da ya kamata ya zauna, da yin shiru sa'ad da manya su ke magana. Ba wanda ya ke karanta masa waɗannan a littafi. Zama ya kan yi, ya ga yadda a ke yi, in ya yi kuskure a kwaɓe shi. Dikko ya ƙoshi da wannan karatu. Bai daɗe da wuce shekara ashirin ba aka naɗa shi Durɓi.

Turawa suka shiga Katsina a 1903. Suka tuɓe Sarki Abubakar, suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi a 1906. Sa'an nan aka ba Durɓi Dikko riƙon ƙasa, aka tabbatar masa da sarauta a farkon 1907. Ta haka sarautar Katsina ta fita daga gidan Dallazawa, waɗanda su ke riƙe da ita tun zamanin jihadi, ta koma gidan Sulluɓawa. Ba kowa ya ji daɗin wannan ba, akwai kuwa waɗanda suka daɗe suna ganinsa mutumin Nasara ne kurum. Ba za mu shiga wannan shari'a ba. Abin da mu ke iya faɗa shi ne, mutumin da ya hau gadon da ba na kakanninsa ba, ya zauna a kai shekara 37 har ya bar wa ɗansa, lalle ya iya zama da jama'a.

A 1921 ya tafi aikin haji ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila, ya gana da Sarki Joji na Biyar. Daga baya ya sake komawa Ingila ba sau ɗaya ba. Malam Bello Kagara ya rubuta littafi a kan rayuwarsa, mai son labarin tafiye-tafiyen nan sai ya nema.

Babban abin da a ke tunawa da zamaninsa shi ne Kwalejin Katsina. An fara karatu a 1921, Gwamna Kilifod ya zo ya buɗe ta a watan Maris na 1922. Ginin ƙasa ne, yana nan har yau wajen Ƙofar Sauri, an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. An kafa ta domin a horar da malaman makaranta, a kan yi shekara biyar a ciki. To, ga abin da mu ke so a lura da shi. Samarin da a ke kawowa ba 'yan gari ɗaya ba ne. Ga na Sakkwato, ga na Barno, ga na Bauci, da Adamawa, da Ilori. Wani ɗan sarki ne wanda bai taɓa share ɗaki ba, wani kuwa ɗan talaka ne. Wani ma Hausa ba ta zauna a bakinsa ba. Aka zuba su gida gida, suna kwana tare, suna ci tare, babba yana lura da ƙarami. Da la'asar kuma a fitar da su fili wasa: ƙwallon ƙafa, da kiriket, da wani wasan ƙwallo da a ke bugawa da tafin hannu a jikin bango. A fagen wasa ƙwallo ba ta san ɗan sarki ba. Dole yaro ya jira layinsa, ya bi umurnin shugaban wasa ko da ya girme shi, in an cinye shi kuma ya haɗiye fushi ya gai da wanda ya ci.

Ahmadu Bello ya shiga wannan makaranta a 1926, daga Sakkwato ya zo da ƙafa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga a 1928. Abubakar Imam ma a nan ya yi karatu. Sa'ad da waɗannan mutane suka haɗu a majalisa bayan shekaru da yawa, ba baƙin juna ba ne, gama sun riga sun saɓa, sun kuma shirya, tun suna yara. An yi kwalejin domin 'ya'yan Musulmi, wannan gaskiya ce, 'ya'yan masu bi sai su nemi Wusasa ko wata makarantar mishan. Amma da aka ƙaura da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ƙofa ta ƙara buɗewa. Yakubu Gowon, ɗan mai bishara daga Wusasa, a can ya yi karatu. Ita ce Kwalejin Barewa ta yau.

Sarki kansa mai son wasa ne. Shi ya kafa ƙwallon doki, watau folo, a Katsina, ya sa 'ya'yansa a ciki, har ɗansa Usman Nagogo ya yi suna a kai ƙwarai. Wajen 1930 kuma ya yarda aka buɗe makarantar 'yan mata, a lokacin da yawancin manyan Arewa ba su ko son jin zancen. Ya fara da 'yan gidansa, domin kada wani ya ce ana tura 'ya'yan talakawa inda sarki ba ya tura nasa.

Yanzu mun zo kan abin da ya fi shafarmu. A garuruwan Hausa makafi suna da sarkinsu, kutare ma haka, da guragu. Ba a kore su daga gari ba, ana kuwa ba su sadaka. Amma sadaka dabam, zama dabam. Kuturu ya kan karɓi abinci a ƙoƙonsa daga nesa, ba a haɗa hannu da shi a akushi, ba safai a kan ba shi aure a cikin masu lafiya ba. Yaron da ciwon ya kama, abokan wasansa su kan janye ɗaya ɗaya, har ya tashi bai san wata magana da mutane ba sai ta bara.

Akwai mazaunin kutare na En'e a Babbar Ruga, bayan gari ta hanyar Batsari. Wajen 1937, da yardar Sarki Dikko da Gwamnati, aka danƙa aikin wurin a hannun mishan na S.I.M., kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Kafin wannan ba safai a ke barin 'yan mishan su yi aiki a tsakiyar ƙasashen sarakunan Musulmi ba, saboda haka abin ba ƙarami ba ne. Maganin da a ke da shi a lokacin allurar wani mai ce, mai zafi, amfaninta kuma kaɗan. Ƙwayar dafson ba ta bazu ba sai bayan rasuwar Sarki. Don haka mutum ya kan yi shekaru a wurin, wurin kuwa ya zama gari sosai. Ana noma, ana sana'a, yara suna zuwa makaranta. Mutumin da ya saba a miƙo masa abu da tsayin hannu, ga shi yana da maƙwabci, yana zuwa gaisuwar suna da ta mutuwa, ana neman shawararsa. Waɗansu suka koyi karatu, waɗansu suka koyi wanke miki da ɗaure shi har suka zama ma'aikatan asibiti. Waɗansu kuma a irin wuraren nan suka fara jin labarin Yesu, wanda ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, kamar yadda ya ke a rubuce cikin Markus sura ta 1, suka ba da gaskiya. Da suka koma garuruwansu, da yawa su ne suka zama tushen ƙananan ekklesiyai.

Ba za mu ɓoye abin da ba shi da daɗi ba. A irin waɗannan mazaunai a kan raba jariri da uwarsa, a kai shi gidan reno don tsoron kada ya ɗauki ciwon. Da kyakkyawar niyya aka yi, amma yara da dama sun tashi ba su san goyon uwa ba. Yanzu an sani kuturta ba ta saurin kama mutum, wanda ya fara shan magani kuma ba ya yaɗa ta. Duk da haka mun san majami'u inda makaho ko gurgu ke zama a bencin baya shekara da shekaru, ana ba shi hatsi ran godiya, amma ba a taɓa sa shi cikin ƙungiyar mawaƙa ko a ce ya yi addu'a ba. A wannan fanni Babbar Ruga ta 1940 ta fi su.

Sarki Dikko ya rasu a watan Fabrairu na 1944, aka naɗa Usman Nagogo. Bayansa Muhammadu Kabir ya hau a 1981, Abdulmumini Kabir kuma a 2008, duka zuriyarsa. Babbar Ruga ta koma hannun Gwamnati tun da daɗewa. Daga 1984 wani likita mutumin Holan, wanda aikin kuturta ya kawo shi, ya fara yi wa mata masu yoyon fitsari aiki a wurin, waɗanda su ma mazajensu da danginsu su kan guje su. Yau asibitin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki, mata suna zuwa daga nesa, har daga ƙasar Nijar.