Dolores del Rio, Tauraruwar Majigi

A can kudu da Amurka akwai wata ƙasa da ake kira Meksiko. A nan ne, a birnin Durango, aka haifi Dolores del Rio cikin 1904. Ubanta shugaban banki ne, saboda haka ta tashi cikin daula. Amma tana da shekara shida yaƙin juyin mulki ya ɓarke, dukiyarsu ta salwanta. Ita da uwarta suka yi shigar talakawa, suka gudu babban birni a jirgin ƙasa.

Da ta girma, wani mai shirya majigi, Edwin Carewe, ya ga yadda ta iya rawa, ya gayyace ta Holiwud, garin da ake yin fina-finan Amurka. Ta tafi cikin 1925. A zamanin nan majigi ba ya magana, sai dai a dubi fuska da motsi a gane nufi. To, Dolores kuwa Allah ya yi mata kyau da idanu masu bayyana abin da ke zuci. Nan da nan ta shahara, musamman da fim ɗin Ramona na 1928.

Sai dai akwai abin da ya dame ta. Yau a mai da ita Bafaransa, gobe mutuniyar Rasha, jibi 'yar wani tsibiri. Kullum baƙuwa ce. Da majigi mai magana ya fito kuma, harshenta na Ingilishi ya nuna ba 'yar gida ba ce, aikin kirki ya riƙa raguwa.

Cikin 1943 ta soma wasa a ƙasarsu, da harshen Sifaniyanci. Emilio Fernandez ya ba ta matsayin Maria Candelaria, wata matalauciya 'yar asalin ƙasa mai sayar da furanni a kwalekwale, wadda mutanen garinsu suka tsana ba laifin fari ba na baƙi. Ku duba, 'yar mai banki ce ta tuɓe takalmi, ta kitse gashinta kamar na ƙauyawa! Cikin 1946 fim ɗin ya ci babbar kyauta a birnin Kan na Faransa.

Da ta manyanta ta taimaka aka buɗe gidan renon 'ya'yan 'yan wasa a birnin Meksiko. Ta rasu a Kalifoniya ran 11 ga Afrilu 1983, tana da shekara 78.