Louisa May Alcott: Marubuciyar da ta ƙi bin son ran masu karatunta

Fiye da shekara 150 bayan fitowar littafin Little Women, har yanzu masu karatu na muhawara a kan abin da ya sa Jo ta ƙi auren Laurie.

Matar da ta haddasa wannan muhawara, Louisa May Alcott, ba ta taɓa yin aure ba, kuma da farko ba ta so rubuta littafin ba. Talaucin gidansu ne ya tilasta mata.

Tashinta

An haifi Louisa ranar 29 ga watan Nuwamban 1832 a Germantown, a jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka. Ita ce ta biyu cikin 'yan mata huɗu na Bronson Alcott da matarsa Abigail.

Mahaifinta malamin makaranta ne mai zurfin tunani, amma bai iya neman kuɗi ba. Makarantar da ya buɗe a birnin Boston ta durƙushe a 1839, bayan iyaye sun janye 'ya'yansu saboda ya ɗauki wata yarinya baƙar fata.

A 1843 ya kwashi iyalinsa zuwa wata gona mai suna Fruitlands, inda shi da abokansa suka ƙudiri yin rayuwa ba cin nama, ba amfani da kuɗi. Wata bakwai kacal aka yi, yunwa da sanyi suka watsa su.

Sai dai a garin Concord Louisa ta yi sa'ar maƙwabta. Ta riƙa aron littattafai a gidan marubuci Ralph Waldo Emerson, Henry David Thoreau kuma ya koya mata sanin itatuwa da tsuntsaye.

Tun tana budurwa ta ɗauki nauyin gidansu. Ta yi ɗinki, ta yi koyarwa, ta yi raino, har aikatau ta yi a gidan wasu.

Yaƙi da rashin lafiya

Bayan ɓarkewar yaƙin basasar Amurka, Louisa, wadda ta tashi a gidan masu adawa da bauta, ta shiga aikin jinyar sojoji a wani asibiti da ke Georgetown a watan Disamban 1862.

Mako shida ta yi, zazzaɓin taifod ya kwantar da ita. Likitoci suka ba ta maganin calomel mai ɗauke da zaiba, kuma daga nan ba ta ƙara samun cikakkiyar lafiya ba.

Wasiƙun da ta riƙa aikawa gida daga asibitin su ne suka zama littafin Hospital Sketches a 1863, wanda ya fara fito da sunanta.

Littafinta na farko na ƙagaggen labari domin manya, Moods, ya fito a 1864. Labari ne na wata yarinya da ta yi gaggawar auren mutumin da ba shi take so ba. Matashin marubuci Henry James ya caccaki littafin a 1865, yana ganin marubuciyar ba ta san halin ɗan Adam ba tukuna, ko da yake ya yaba da basirarta.

A ɓoye kuma, tana sayar wa jaridu labaran kishi da yaudara da ɗaukar fansa, wasu da sunan aro na A. M. Barnard. Da kuɗinsu ake cefane a gidansu.

Little Women

Thomas Niles na kamfanin ɗab'i na Roberts Brothers ne ya matsa mata ta rubuta littafi domin 'yan mata. Ta yi ta jan ƙafa, domin a cewarta ba ta san 'yan mata ba in ban da 'yan uwanta.

Daga ƙarshe ta zauna a gidansu na Orchard House a watan Mayun 1868, ta kammala cikin kimanin mako goma. Littafin ya fito ranar 30 ga Satumba, kuma kwafi 2,000 na farko ba su jima ba suka ƙare.

Labarin 'yan mata huɗu ne na gidan March, wato Meg da Jo da Beth da Amy, waɗanda mahaifinsu ya tafi bakin daga. Jo, mai saurin fushi da son rubutu, ita ce Louisa. Rasuwar Beth kuwa ta samo tushe daga rasuwar ƙanwarta Elizabeth a 1858.

A maƙwabtansu akwai Laurie, jikan wani attajiri, wanda ya zama babban abokin Jo. Louisa ta bayyana cewa ta ɗauko wasu halayensa daga Ladislas Wisniewski, wani matashi ɗan ƙasar Poland da ta haɗu da shi a Switzerland a 1865.

Abin da ya bambanta littafin da na zamaninsa shi ne 'yan matan na magana kamar yadda yara ke yi a gida. Suna faɗa, suna kishi, suna kuskure, suna kuma neman gafara.

Rigimar aure

Wasiƙu suka riƙa kwararowa daga 'yan mata, kusan duka da buƙata guda: a aurar da Jo ga Laurie.

Hakan ya ɓata wa Louisa rai. A ganinta bai kamata a koya wa yarinya cewa aure ne kaɗai abin da za ta sa a gaba ba, kuma burinta shi ne Jo ta zauna marubuciya mai cin gashin kanta.

Amma mawallafa sun san kasuwa ba za ta karɓi haka ba. Sai ta raba gardama ta hanyar da ba wanda ya zata.

A kashi na biyu da ya fito a watan Afrilun 1869, Laurie ya nemi auren Jo, ta ƙi, tana mai cewa halinsu ya zo ɗaya da yawa, ba za su zauna lafiya ba. Laurie ya auri ƙanwarta Amy. Jo kuwa ta auri Farfesa Bhaer, wani Bajamushe talaka da ya girme ta nesa ba kusa ba.

Masu karatu da dama sun ji haushi, amma ba su daina saye ba. Da yake ta karɓi shawarar ɗaukar kaso daga kowane kwafi maimakon kuɗi a dunƙule, ta biya basussukan gidansu kaf.

Ra'ayin masana

Yawancin jaridun lokacin sun yaba da littafin a matsayin karatu mai tsafta ga yara. Wasu mujallun coci kuwa sun yi ƙorafin cewa addini ya yi ƙaranci a cikinsa.

Manyan masu sharhin adabi ba su ɗauke ta da muhimmanci ba. A 1875 Henry James ya sake sukar littafinta Eight Cousins, yana cewa yaran ciki sun cika wayo da raina manya.

Ita kanta ta gaji da irin wannan rubutu, amma ta ci gaba saboda iyali. Ta fitar da Little Men a 1871 da Jo's Boys a 1886.

Shekaru da dama ana kallonta a matsayin mai rubuta wa yara nasiha kawai. A 1943 wata mai bincike, Leona Rostenberg, ta bayyana cewa ita ce A. M. Barnard, kuma a 1975 abokiyar aikinta Madeleine Stern ta tattara waɗancan labaran ta buga su.

Daga nan masana suka koma wa Little Women da sabon ido. Wasu na ganin auren Jo sarewa ce ga matsin al'umma. Wasu kuma na ganin darasi ne cewa soyayyar ƙuruciya ba ita ce ma'aunin zaman aure ba.

Marubuciyar Faransa Simone de Beauvoir na cikin waɗanda suka bayyana cewa sun ga kansu a jikin Jo tun suna yara.

An mayar da littafin fim sau da dama, ciki har da 1933 da 1949 da 1994. Fim ɗin Greta Gerwig na 2019 ya nuna Jo tana ciniki da mawallafi a kan yadda labarinta zai ƙare.

Ƙarshen rayuwarta

A 1879 Louisa ta zama mace ta farko da ta yi rajistar zaɓe a Concord, domin zaɓen hukumar makarantu. A ƙarshen shekarar ƙanwarta May ta rasu a birnin Paris bayan haihuwa, Louisa ta karɓi riƙon jaririyar, Lulu.

Ta yi imanin zaiba ce ta lalata mata jiki, ko da yake a 2007 wasu likitoci sun yi hasashen cutar lupus ce.

Ta rasu a Boston ranar 6 ga Maris, 1888, kwana biyu bayan rasuwar mahaifinta, tana da shekara 55. An binne ta a maƙabartar Sleepy Hollow da ke Concord, kuma gidansu na Orchard House yanzu gidan tarihi ne.