John Brown, Majemin Da Ya Ɗauki Takobi

Yau za mu duba rayuwar wani mutumin Amurka mai suna John Brown. An haife shi a shekara ta 1800. Mahaifinsa majemi ne mai tsoron Allah, shi ma ya gaji sana'ar. Yana da shekara 12 ya ga an doki wani yaro bawa, tsaransa, da shebur na ƙarfe, ba wanda ya ce uffan. Wannan abu bai fita daga zuciyarsa ba har mutuwarsa.

Brown bai yi sa'ar kasuwa ba. Duk abin da ya sa hannu sai ya ƙare da bashi. Ya haifi 'ya'ya 20, da yawansu sun rasu suna ƙanana. Amma safe da yamma yakan tara iyalinsa su karanta Littafi Mai Tsarki. A 1837, da 'yan iska suka kashe Elijah Lovejoy, wani fasto mai buga jaridar ƙin bauta, Brown ya miƙe a cikin majami'a ya yi wa'adi zai ba da ransa domin kawar da bauta.

A lokacin Amurka ta riga ta tsage. Jihohin Kudu sun dogara ga bayi wajen noman auduga, na Arewa kuwa sun bar bauta. Abin baƙin ciki, ikkilisiya ta riga gwamnati rabuwa: Metodis sun rabu a 1844, Baftis a 1845. Fastocin Kudu suna wa'azi cewa Bulus ya mai da Unisimas wurin ubangidansa. Na Arewa suna wa'azi a kan yadda Allah ya fitar da Isra'ilawa daga Masar. Littafi ɗaya ne a hannunsu, amma sun daina zama a teburin Ubangiji tare. A ganina, tun daga nan yaƙin ya soma.

Dokar 1854 ta bar wa mazaunan sabon yankin Kansas su zaɓa da kansu ko za a riƙe bayi a can. Nan da nan kowane ɓangare ya tura mutanensa da bindigogi. Brown ya bi 'ya'yansa zuwa can a 1855. A watan Mayu na 1856 masu son bauta suka far wa garin Lawrence. Bayan kwana uku, da dare, Brown da mutanensa suka fito da mutum biyar daga gidajensu a bakin rafin Pottawatomie, aka sassare su da takuba. Ba zan iya wanke shi daga wannan jini ba. Dalilinsa na gaskiya ne, amma Bitrus ma yana da dalili a daren da Ubangiji ya sa shi ya mai da takobinsa kube.

Ran 16 ga Oktoba, 1859, ya kai wa rumbun makaman gwamnati hari a Harpers Ferry, cikin jihar Virginia. Mutanensa 21 ne kacal, biyar daga cikinsu baƙar fata. Ya sa rai bayi za su taso su karɓi makamai, amma ba su samu labari ba. Wanda aka fara harbewa ma baƙar fata ne, ɗa ba bawa ba, ma'aikacin jirgin ƙasa. Bayan kwana biyu sojoji a ƙarƙashin Robert E. Lee suka kama shi da rauni. 'Ya'yansa biyu sun mutu a wurin.

A kurkuku ya natsu ƙwarai, yana rubuta wasiƙu, ya kuma ƙi fastocin da ke goyon bayan bauta su yi masa addu'a. Aka rataye shi ran 2 ga Disamba, 1859. A ranar majami'u da yawa a Arewa suka kaɗa ƙararrawa ta makoki. Mutanen Kudu da suka ji haka sai suka ce ashe maƙwabtansu na girmama wanda ya zo yanka su, suka shiga sayen makamai.

Da aka zaɓi Abraham Lincoln a 1860, jihohin Kudu suka soma ɓallewa, yaƙi ya tashi a Afrilun 1861. Lee ɗin nan da ya kama Brown shi ya zama babban kwamandan Kudu. Mutum fiye da 600,000 suka mutu kafin a haramta bauta a 1865, bayi wajen miliyan 4 suka sami 'yanci.