IMAMU GAZALI: MALAMIN DA YA KARANCI FALSAFA KAFIN YA YI MATA RADDI

 Sau da yawa idan ɗalibi ya sami gurbin karatun falsafa ko nazarin addinai a kwaleji ko jami'a, sai hankalin iyayensa ya tashi, suna tsoron kada ya dawo da shakka a zuciyarsa. Wannan tsoro ba sabo ba ne, kuma a cikin rayuwar Hujjatul Islam, Imamu Gazali, akwai amsa ga iyaye da ɗalibai baki ɗaya.

An haifi Abu Hamid Muhammadu ɗan Muhammadu Algazali a garin Ɗus na ƙasar Khurasan, cikin Iran ta yau, a shekarar 450 ta Hijira, wato 1058 Miladiyya. An ruwaito cewa mahaifinsa talaka ne mai sana'ar kaɗin ulu. Da ajali ya gabato masa sai ya danƙa amanar 'ya'yansa biyu, Muhammadu da Ahmadu, ga wani amininsa sufi tare da 'yar dukiyar da ya mallaka. Da dukiyar ta ƙare, sai mutumin ya shawarci yaran su shiga makaranta, domin a can ana ciyar da ɗalibai daga wakafi.

Ya fara fiƙihu a Ɗus, sa'an nan ya tafi Jurjan. An ce a hanyarsa ta komawa gida 'yan fashi suka tare ayarinsu, suka kwashe har da jakar takardunsa. Da ya bi shugabansu yana roƙonsa ya mayar masa da ita, sai mutumin ya yi masa dariya, ya nuna masa cewa ilmin da ɓarawo zai iya raba shi da mai shi bai zama ilmi ba tukuna. Wannan magana ta shige shi ƙwarai, ya yi shekara 3 yana haddace abin da ya rubuta. Daga nan ya nufi makarantar Nizamiyya ta Naisabur, ya lizimci Imamul Haramaini Aljuwaini har rasuwar malamin a shekarar 478.

Nizamiyya sunan manyan makarantu ne waɗanda waziri Nizamul Mulki ya gina a biranen daular Saljuƙawa, matsayinsu kuwa kamar na kwalejojin yau ya ke. A shekarar 484 (1091) wazirin ya naɗa Gazali malami a Nizamiyyar Bagadaza, yana da shekara 34, ɗalibai wajen 300 suna ɗaukar karatu a gabansa.

A lokacin nan littattafan Alfarabi da Ibn Sina, waɗanda suka ɗora a kan falsafar Yunanawa, sun shiga zukatan masu ilmi da yawa. Gazali ya duba raddin da malamai suka yi musu, ya ga ba shi da ƙarfi, saboda masu raddin ba su fahimci abin da su ke sūka ba. Ya ƙudurta cewa ba a gane ɓarnar wani fanni sai an kai maƙurarsa kamar yadda ma'abotansa suka kai. Saboda haka ya duƙufa a kan littattafansu a lokutan hutunsa, ba tare da malami ba, ya gama su cikin ƙasa da shekara 2, ya ƙara kusan shekara guda yana ta juya su a zuciyarsa. Ya bayyana ra'ayoyinsu bisa adalci a littafinsa Maƙasidul Falasifa, sa'an nan a Tahafutul Falasifa ya tattauna mas'aloli 20. A 17 daga ciki ya hukunta bidi'a, a 3 kuma kafirci: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai a dunƙule, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama.

Amma bai yi wa falsafa kuɗin goro ba. Ya nuna cewa lissafi da manɗiƙi ba su da wani karo da addini, har ya sanya muƙaddimar manɗiƙi a farkon littafinsa na usulul fiƙihu, Almustasfa. Ya yi gargaɗi game da mutum biyu. Na farko shi ne ɗalibin da ƙwarewar masana falsafa a lissafi ta ruɗe shi, har ya bi su ido rufe a sha'anin Ubangiji. Na biyu shi ne jahilin masoyin Musulunci, wanda ke ƙaryata ko da lissafin husufin rana da na wata da sunan kare addini, har mai hankali ya zaci an gina addinin a kan jahilci.

Jarrabawa mafi girma kuwa daga zuciyarsa ta taso. Ya binciki niyyarsa ta koyarwa, ya tarar neman suna da muƙami ya rinjaya a cikinta. A watan Rajab na 488 (1095) harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi, abinci ma ya gagare shi, likitoci suka ce ciwon a zuci ya ke. A Zulƙida ya rarraba dukiyarsa, ya bar wa iyalinsa abin da zai ishe su, ƙanensa Ahmadu ya riƙe masa kujera, ya fita Bagadaza. Ya yi halwa a masallacin Dimashƙa, ya zauna a Baitul Muƙaddas, ya yi aikin Hajji, daga bisani ya koma Ɗus. A wannan tsakani ne ya wallafa Ihya'u Ulumid Din, littafin da har yanzu ake karantawa a zaurukan malamai a ƙasar Hausa.

Bayan kimanin shekara 11 ya koma koyarwa a Nizamiyyar Naisabur a 499 (1106), amma da sabuwar niyya. Ya rasu a Ɗus ranar 14 ga Jimada Sani, shekarar 505 (1111), yana da shekara 55. Daga baya Ibn Rushdi na Andalus ya mayar masa da martani a Tahafutut Tahafut, shi ma hujja ya sa ya tunkari hujja.

Ke nan hana yaro karatu ba shi ne kariya ba. Gazali bai shiga falsafa ba sai da ya ƙoshi da tauhidi da fiƙihu, da ya shiga kuma bai tsaya a bakin ƙofa ba. Uban da ya ba ɗansa guzurin aƙida kafin ya tura shi jami'a ya sauke nauyinsa. Ɗalibi kuwa ya sani cewa rabin sani shi ke halaka mutum, kuma digiri ba ya gyara niyyar da ta ɓaci.

Allah Ya ji ƙan Imamu Gazali, Ya ba ɗaliban Musulmi ilmi mai amfani da zuciya mai tsoronsa, amin.