Elvis Presley, Ɗan Talakan Tupelo, Da Ranar Da Ya Komo Gida

Ranar Laraba 26 ga watan Satumba na shekara ta 1956, garin Tupelo da ke jihar Misisipi, a kudancin ƙasar Amurka, ya cika ya batse tun da hantsi. Samari da ƴan mata sun yi ta kwararowa daga ƙauyuka da garuruwan maƙwabta, an ƙawata babban titi da tutoci, an kuma rataya ƙyalle daga wannan gefe zuwa wancan ana yi wa ɗan gari barka da zuwa. Wanda ake jira saurayi ne mai shekara 21 da haihuwa, sunansa Elvis Presley. Shekara takwas kafin wannan rana, shi da iyayensa sun fita daga garin cikin wata tsohuwar mota, da ɗan abin da suka mallaka a ɗaure bisa rufinta.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Elvis ranar 8 ga watan Janairu na 1935 a gabashin Tupelo, unguwar Turawa matalauta. Gidan da aka haife shi na katako ne mai ɗaki biyu, wanda mahaifinsa Vernon ya gina da hannunsa bayan ya ranci dalar Amurka 180. Tagwaye aka haifa, amma ɗan'uwansa, wanda aka sa wa suna Jesse, bai zo da rai ba. Mahaifiyarsu Gladys ba ta sake haihuwa ba, shi ya sa ta ɗora dukkan ƙaunarta a kan wannan ɗa guda, shi ma ya shaƙu da ita ƙwarai da gaske.

Zamanin kuwa na matsin tattalin arziki ne a Amurka baki ɗaya. Vernon ba shi da sana'a tsayayya, sai aikin ƙodago duk inda ya samu. A shekara ta 1938 aka same shi da laifin ƙara adadin da ke rubuce a wata takardar kuɗi ta banki, aka tura shi gidan kaso, ya yi wata takwas a tsare. Da bashin ya gagara biya, gidan ya fita daga hannunsu. Daga nan suka shiga yawon haya, yau a wannan lungu gobe a wancan, wani lokaci a raɓe wurin dangi.

Abu biyu suka buɗe kunnen yaron ga waƙa. Na farko majami'ar da iyayensa ke zuwa, inda ake rera waƙoƙin addinin Kirista da tafi da kaɗa jiki. Na biyu maƙwabtaka. A wancan zamani dokar wariyar launin fata na aiki sosai a Misisipi: baƙar fata da farar fata ba sa haɗa lakkol, ba sa haɗa wurin cin abinci, ba sa zama kujera ɗaya a motar haya. To amma talauci ya kai gidan Presley zama a wata unguwa da akasarin mazaunanta baƙar fata ne, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. Can yaron ya ji waƙoƙin majami'unsu da kuma kiɗansu na buluz, wanda suke bayyana ƙuncin rayuwa da shi.

Ranar 3 ga watan Oktoba na 1945, yana ɗan shekara goma, malamarsu ta lakkol ta sa aka shigar da shi gasar waƙa ta yara a kasuwar baje kolin manoma da makiyaya ta Misisipi da Alabama, wadda ake ci kowace shekara a Tupelo. Bakinsa bai kai ga abin magana ba, sai da aka ɗora shi bisa kujera. Ya rera wata waƙa mai suna Old Shep, labarin yaro da tsohon karensa, ba tare da kiɗa ba. Bisa ga abin da shi kansa ya riƙa tunawa, na biyar ya zo. Bayan wata uku, da ya cika shekara 11, mahaifiyarsa ta saya masa gita, wato molon Turawa mai tsirkiya shida, ko da yake shi keke ko bindiga ya so.

Daga tuƙin kamiyo zuwa faifai

A watan Nuwamba na 1948 iyalin suka yi ƙaura zuwa birnin Memfis na jihar Tenesi, tafiyar wajen kilomita 170, suka sami ɗaki a gidajen da gwamnati ta gina wa marasa ƙarfi. Elvis ya gama sakandare a 1953, daga baya ya kama aikin tuƙa kamiyon wani kamfanin lantarki. A cikin birnin akwai wani mutum mai suna Sam Phillips, mai ƙaramin kamfanin faifai da ake kira Sun, wanda ya daɗe yana ɗaukar muryoyin mawaƙa baƙar fata. Shi dai ya lura cewa matasan Turawa na son wannan kiɗa, sai dai wariya ta hana shi shiga gidajensu, saboda haka yana neman Bature wanda zai iya rera shi da irin ruhinsa.

Daren 5 ga watan Yuli na 1954, Elvis da makaɗa biyu, Scotty Moore da Bill Black, suna gwaji a ɗakin Phillips, abin ya ƙi daɗi. Lokacin hutu sai saurayin ya ɗauki gita ya kama wata waƙa cikin wasa, That's All Right, wadda wani baƙar fata ɗan Misisipi, Arthur Crudup, ya yi a 1946. Phillips ya sa aka maimaita, ya ɗauka. Da aka sa ta a rediyon Memfis, masu sauraro da yawa sun zaci baƙar fata ne ke waƙar, har sai da mai gabatarwa ya tambaye shi lakkol ɗin da ya yi, domin jama'a su gane launinsa. Wannan gauraye na buluz da waƙar majami'a da kiɗan ƙauye na Turawa manoma yana cikin tushen abin da aka sani da kiɗan rok.

A ƙarshen 1955 babban kamfanin RCA ya sayi yarjejeniyarsa daga hannun Phillips a kan dalar Amurka 35,000, wani mai suna Tom Parker, da ake yi wa laƙabi da Kanar, ya zama mai kula da harkokinsa. Cikin 1956 waƙoƙinsa suka yi ta hawa matsayi na ɗaya. Ranar 9 ga Satumba ya fito a wani shirin talabijin na Ed Sullivan, mutane wajen miliyan 60 suka kalle shi. Matasa sun haukace a kansa. Limaman majami'u da dattawa da ƴan jarida da yawa kuwa suna sukar yadda yake girgiza ƙugu, suna cewa zai ɓata tarbiyya, wasu kuma abin da ke cin ransu shi ne ɗan Bature ya ɗauko kiɗan baƙar fata ya kawo wa ƴaƴansu.

Ranar komowa

Kwana 17 bayan wannan shiri ya komo Tupelo, kuma filin da aka shirya masa shi ne na kasuwar baje kolin nan da ya hau kujera shekara 11 da suka wuce. Hukumar gari ta sa wa ranar sunansa. An yi jerin gwano a babban titi da ƴan badujala na makarantu, amma shi bai shiga ba, domin an ji tsoron kada taro ya turmushe shi. Ya iso daga Memfis cikin farar mota, iyayensa ma suka zo.

Wasa biyu ya yi, ɗaya da rana ɗaya da dare. Gwamnan jihar, J. P. Coleman, ya hau dandamali ya miƙa masa takardar yabo, magajin gari James Ballard kuma ya ba shi mabuɗin gari wanda aka ƙera da siffar gita. Elvis ya faɗa cikin raha cewa lokacin yana yaro an sha fitar da shi daga wannan fili don ya tsallako shinge ba shi da kuɗin shiga, amma yau ne karon farko da aka yi masa rakiya zuwa ciki.

Ya fito sanye da riga mai ruwan bula ta karammiski da fararen takalma. A wasan rana kaɗai mutane wajen dubu goma suka taru, a garin da mazaunansa duka ba su wuce haka da yawa ba. Dandamalin ba shi da tsawo, saboda haka da ya matso baki ya sunkuya ya miƙa hannu, sai ɗaruruwan hannuwa suka miƙo gare shi, ihun ƴan mata ya danne kiɗan. Wata yarinya ta kutsa ta haye dandamali kafin ƴan sanda su riƙe ta. Da dare sai da aka ƙaro sojojin jiha su taimaka wa ƴan sanda.

Ga yaran Tupelo abin ya wuce kallon mawaƙi. Wanda suke jin muryarsa a rediyo, suke kafa hotonsa a bango, ga shi tsaye a filin da suka saba zuwa kallon shanu, kuma cikin taron akwai waɗanda suka zauna aji ɗaya da shi, da waɗanda suka san gidajen hayar da iyayensa suka zauna. Ɗan lebura, ɗan wanda ya taɓa zaman kaso, shi ne gwamna ke yi wa jawabi. Masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa mahaifiyarsa, duk da murnar da ta yi, ranar ta tayar mata da tunanin irin talaucin da suka sha a garin.

Akwai kuma abin da bikin bai ambata ba. Kiɗan da aka taru ana yi wa tafi, rabinsa daga unguwannin baƙar fata ya fito, a jihar da shekara guda kafin nan aka kashe wani yaro baƙar fata, Emmett Till, aka kuma sallami waɗanda suka kashe shi. Elvis kansa bai ɓoye inda ya koyo waƙa ba, ya sha ambatar Arthur Crudup da girmamawa. Amma Crudup ya rasu a 1974 cikin rashi, bai sami haƙƙin waƙoƙinsa ba. Hausawa na cewa wani ya yi rawa ya sami kuɗi, wani ya yi ya sha duka.

Ranar 27 ga Satumba na 1957 ya sake yin wasa a filin, ya ba garin kuɗin da aka tara domin a yi wa yaran tsohuwar unguwarsa wurin wasa. Da haka hukumar gari ta mallaki gidan da aka haife shi da filin da ke kewaye da shi. Daga wannan rana bai ƙara hawa dandamali a Tupelo ba.

Ɗaukaka da nauyinta

A 1957 ya sayi wani katafaren gida a Memfis mai suna Graceland, ya zaunar da iyayensa. A watan Maris na 1958 aka ɗauke shi aikin soja. Yana cikin horo mahaifiyarsa ta rasu ranar 14 ga Agusta, tana da shekara 46, rashin da ya girgiza shi matuƙa. Aka tura shi Jamus har zuwa 1960. A soja ne ya fara sabawa da ƙwayoyin hana barci, a Jamus kuma ya haɗu da Priscilla, wadda ya aura a 1967, suka sami ɗiya guda, suka rabu a 1973.

Bayan soja Parker ya karkatar da shi ga sinima. Ya fito a fim 31, akasarinsu an yi su ne don kuɗi kawai, shi kansa ya gaji da su. A ƙarshen 1968 ya dawo da ƙarfinsa ta wani shirin talabijin, daga 1969 kuma ya koma wasa gaban jama'a, a Las Vegas da sauran biranen Amurka. A watan Janairu na 1973 an watsa wasansa daga Hawai zuwa ƙasashe da dama ta tauraron ɗan Adam. Duk da sunan da ya yi a duniya, bai taɓa yin wasa a wata ƙasa ba in ban da Kanada. Daga baya aka gano cewa Parker ɗan ƙasar Holan ne da ya shiga Amurka ba da takardu ba, kuma rabon da yake ɗauka ya kai har rabin kuɗin wasu harkokin mawaƙin.

Shekarunsa na ƙarshe sun yi tsanani. Ba ya iya fita titi kamar kowa, yana barci da rana yana tashi da dare, kewaye da mutanen da ke ci a ƙarƙashinsa, kaɗan ne ke iya gaya masa gaskiya. Ƙwayoyin barci da na kashe ciwo da likitoci ke rubuta masa sun lalata lafiyarsa, amma ba a daina jan sa daga wannan gari zuwa wancan ba. Ya yi wasansa na ƙarshe ranar 26 ga Yuni na 1977. Ranar 16 ga watan Agusta na wannan shekara aka same shi a yashe a gidansa, zuciyarsa ta tsaya, yana da shekara 42. Mutane wajen dubu 80 suka jeru a bakin hanya ranar jana'izarsa. Cikin dukkan waƙoƙin da ya yi, lambobin Grammy uku da ya ci a gasa duk na waƙoƙin majami'a ne, irin waɗanda ya fara ji a cinyar mahaifiyarsa.

Gidan nan mai ɗaki biyu an gyara shi, ya zama wurin ziyara ga baƙi daga ƙasashe daban-daban. A shekara ta 2012 mutanen Tupelo suka kafa mutum-mutuminsa na tagulla a tsohon filin kasuwar baje kolin. Ba su zaɓi siffarsa ta Las Vegas mai tufafin ƙyalƙyali ba, sai suka ɗauko ta wani hoto da aka yi a ranar 26 ga Satumba na 1956: saurayi riƙe da abin magana, ya sunkuya, ya miƙa hannu ga mutanen garinsu.