Friedrich Froebel: Marayan da ya mayar da wasan gini darasi

Duk wanda ya taɓa raka ƙaninsa makarantar nazare ya san ajin da ake kira KG. Harufan biyu daga kalmar Jamusanci suka fito, Kindergarten, wato lambun yara. Wanda ya raɗa sunan, Friedrich Froebel, da zai leƙo yau ya ga ɗan shekara uku na kuka a kan aikin gida, da ya riƙe baki. Shi da gutattakin katako ya fara koyarwa, ba da alli ba.

An haife shi ranar 21 ga Afrilu, 1782, a ƙauyen Oberweissbach da ke yankin Thuringia a Jamus. Bai cika shekara ba mahaifiyarsa ta rasu. Mahaifinsa limamin coci ne, aiki ya sha masa kai, don haka yaron ya tashi cikin kaɗaici. Yana da shekara 15 aka kai shi koyon aikin gandun daji, daga baya ya taɓa karatu a Jami'ar Jena.

A 1805 ya nufi Frankfurt da niyyar zama mai zanen gine-gine, sai ya ɓige da koyarwa. Ya yi kusan shekara biyu a Suwizalan wurin shahararren malamin nan Pestalozzi. Bayan ya shiga yaƙin da aka yi da Napoleon a 1813, ya sami aiki a gidan adana ma'adinai na Berlin, yana nazarin duwatsu masu tsararrun fuskoki. A nan ya lura cewa manyan siffofi daga ƙanana masu sauƙi suke tashi. Wannan fahimta ce daga baya ya damƙa a hannun yara.

A 1816 ya buɗe makarantarsa ta farko. A 1837 ya kafa wurin wasa da aikin hannu na ƙananan yara a garin Blankenburg, a 1840 kuma ya sa masa suna Kindergarten.

To, me yara ke yi a ciki? Ya tsara kayan wasa bi da bi, ya kira su kyaututtuka. Ta farko ƙwallaye shida ne na ulu, kowace da launinta. Ta biyu ƙwallon katako, da wani mai siffar gwangwani, da dunƙule mai fuska shida daidai wa daida. Ta uku ita ce mai daɗin: wannan dunƙulen ne aka yanka gida takwas. Da su yaro zai gina kujera, ko tebur, ko gada.

Amma fa akwai doka. Dole ya yi amfani da duka takwas ɗin. Idan zai koma wani gini, ba ya rushe na farko, sai dai ya riƙa matsar da guda ɗaya bayan ɗaya har kujera ta rikiɗe ta zama wani abu. In ya gama, ya mayar da dunƙulen yadda ya same shi. Ku duba da kyau: kaya ƙayyadaddu, buri a rai, a gina, a duba, a gyara. Ai haka injiniya yake aiki, ko da Froebel bai kira shi da wannan suna ba. Har ƙwayoyi irin na wake ake jiƙa wa yara, su soke su da tsinke su tada rumfuna.

Ƙarshen rayuwarsa bai zo da daɗi ba. A 1851 gwamnatin Furushiya ta haramta Kindergarten, bisa zargin yana cusa wa yara gurguzu da rashin addini, bayan an cakuɗa shi da ɗan ɗan'uwansa Karl Froebel mai zafin ra'ayi. Ya rasu ranar 21 ga Yuni, 1852, haramcin na nan. Sai a 1860 aka ɗage shi.

Sai dai an riga an yi shuka. Matan da suka koyi tsarinsa sun bazu da shi duniya, Margarethe Schurz ta buɗe na farko a Amurka a 1856. A 1876 wata uwa ta ga kayan wasan a baje kolin Philadelphia, ta saya wa ɗanta. Yaron shi ne Frank Lloyd Wright, ɗaya daga cikin manyan masu zanen gine-gine na Amurka, wanda har ya tsufa yana ambaton waɗannan katakai.

Yanzu mu dawo gida. Yaron da ke feƙe kara yana haɗa mota, taya ta cire ya sake sokawa, ko wadda ke ɗaki da jiƙaƙƙen yashi bayan ruwan sama, darasin Froebel suke yi ba tare da malami ba. Mu kuwa sai mu daka musu tsawa su tashi su ɗauki littafi, ko mu miƙa musu waya don mu huta.

Ga shawara, 'yan uwa. Wannan Asabar ɗin ku ba ƙannenku kwali, da kara, da murafen kwalba, ku ce su gina gadar da za ta ɗauki kofi cike da ruwa. In ta faɗi, kar ku gyara musu. Ku tambaye su ta ina ta karye, sannan ku bar su su sake.